Alamar buhu da lissafin dillali: abin da ya raba HTML da harsunan gina manhaja

Ɗan ƙanwata ya yi wata uku a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Garwa, nan arewacin Kamaru, ya dawo gida Marwa da takardar shaida da ke cewa ya iya gina manhaja. Mahaifinsa dillalin albasa ne, shi ya biya kuɗin karatun daga gumin kasuwa, don haka bai jira ba. Ya ce masa ya yi masa wani abu a waya da zai riƙa shigar da adadin buhunan da ya ɗora wa kowace mota mai zuwa Duwala, da kuɗin kowane buhu, da ladan masu dako, abin ya fitar masa da jimilla. Yaron ya kwana biyu yana aiki. Ya fito da shafi mai kyau ƙwarai, da hoton albasa a sama, da gurabe na rubuta lamba, da maɓalli kore da aka rubuta “Lissafa” a jikinsa. Uban ya shigar da lambobi ya danna maɓallin, shiru. Ya sake dannawa, shiru.

Da daddare ya same ni a ƙofar gida, jikinsa a sanyaye. Ya ce, “Kawu, ko dai cutata aka yi? Abokaina na jami'a sun ce abin da na koya ba harshen kwamfuta ba ne ma.” Na ce ya nuna mini littafinsa. HTML da CSS, harsunan tsara shafin intanet da yi masa kwalliya, aka koya masa, kuma an koya masa su da kyau. Laifin cibiyar shi ne ba ta gaya masa iyakar abin da ta ba shi ba. Abokan nasa kuma sun faɗi rabin gaskiya ne, suka bar shi da rabin da ke karya zuciya.

Saboda shi, da ire-irensa da nake gani daga Ngaundere har Kusuri, nake son a warware wannan magana a tsanake. Harsunan da ake rubutu da su wajen gina manhaja sun kasu gida biyu manya. Akwai waɗanda zan kira harsunan alama, su HTML da XML da Markdown. Akwai kuma harsunan umarni, su Python da JavaScript da Java da C da PHP.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa ya san aikin alama. Kafin buhu ya hau mota, ana rubuta masa da fenti sunan mai shi ko wata shaida tasa, wani lokaci har da inda za a sauke shi. Wannan rubutun ba ya ɗaga buhu, ba ya ciniki, ba ya ƙirga kuɗi. Abin da yake yi kawai shi ne ya faɗi ko buhun nan mene ne kuma na wane ne. Amma a bar mota ta isa Duwala da buhu ɗari biyu babu alama, a ga rigimar da za ta tashi. Harshen alama haka yake yi wa rubutu. Yana kewaye wani yanki ya ce wannan kanun magana ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne, wannan gurbi ne da za a rubuta lamba. A HTML, alamar h1 tana nufin babban kanu, p sakin layi, img hoto, table jadawali. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet kamar Chrome ko Firefox, ita ke karanta alamomin ta shimfiɗa shafin yadda suka nuna.

Wanda ya yi karatun allo ma ba baƙon abin ba ne. Alamomin izu da sumuni da magabata suke zanawa a gefen shafi ba su cikin abin da ake karantawa, suna nuna wa mai karatu ne inda kashi ya fara da inda ya ƙare. Kuma duk mai WhatsApp ya taɓa rubuta harshen alama ko bai sani ba: idan ka sa kalma tsakanin taurari biyu ta fito da kauri, alama ka yi mata. Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, a kan irin wannan dabara aka gina shi.

Asalin abin ya girmi intanet. A 1969 wasu ma'aikatan kamfanin IBM su uku, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro GML don tsara takardu. Daga shi aka samu SGML, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 1986. Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya ɗebo daga SGML ya yi HTML. Bayanin farko da ya bazu a ƙarshen 1991 alamomi 18 ne kacal a cikinsa. XML ya zo a 1998, shi kuma ya ba kowa dama ya ƙirƙiri alamominsa. Dillalin albasa zai iya samun alamar buhu, da ta mota, da ta direba, ya tsara bayanansa da su. Takardar Word da ake bugawa a kowane ofis, mai ƙarewa da docx, idan aka buɗe cikinta tarin fayilolin XML ne aka matse wuri ɗaya.

CSS kuwa, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, shi ne kwalliya: launi, girman harafi, tazara, yadda shafi zai lanƙwasa ya dace da fuskar waya. Shi ya sa maɓallin yaron ya zama kore.

To me ya hana maɓallin aiki?

Komawa za mu yi wurin lodi. Bayan mai fenti akwai dillali da littafinsa. Shi yana riƙe da lambobi a kansa: buhu nawa, kuɗi nawa. Yana yanke hukunci: idan mai kaya ya biya rabi a rubuta masa bashi, idan bai biya komai ba kada kayan su tashi. Yana kuma maimaita aiki iri ɗaya ga kowane mai kaya har layi ya ƙare. Waɗannan abubuwa uku, riƙe ƙima da za ta iya canzawa, da zaɓi tsakanin hanya biyu bisa sharaɗi, da maimaitawa, su ne ma'aunin da nake auna harshe da shi. Wanda ya iya su harshen umarni ne. HTML bai iya ko ɗaya ba. Ba zai tara biyu da biyu ba, kuma ba a yi shi don haka ba.

Ɗaliban da suka zauna ajin algoritim, wato tsara matakan warware aiki, a Jami'ar Ngaundere ko a makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa sun san waɗannan ukun da Faransanci: si, alors, sinon na sharaɗi, tant que da pour na maimaitawa. Sakataren da ya taɓa rubuta SI ko SOMME a cikin Excel na Faransanci shi ma ya taɓa bakin abin. Mafi yawan harsunan umarni da kalmomin Ingilishi suke, if da else da while, kuma na ga yara da yawa a nan suna ja da baya saboda haka. Bai kamata ba. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa ba su kai 40 ba, yaron da ya haddace kuɗin mota daga Marwa zuwa kowane gari zai haddace su a mako guda. Wahalar tana wajen tsara tunani daki-daki, wannan kuwa da Hausa ma ana yin sa.

Ga misali daga kasuwarmu. Mu da dala muke ciniki, takarda kuma da sefa take. Dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1000, wato dala 200. A ce ana son manhajar da mai kaya zai rubuta kuɗi da dala ta mayar masa da sefa. Harshen alama zai samar da gurbin rubutawa da wurin da amsa za ta fito. Harshen umarni ne zai ɗauki abin da aka rubuta, ya duba ko lamba ce, ya ninka ta sau 5, idan ta kai dubu ya raba ta ya ce jaka kaza da sefa kaza, sannan ya mayar da amsar a shafi. A cikin burauza, harshen da ke wannan aiki shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995. Shi ne abin da babu a bayan maɓallin ɗan ƙanwata.

Akwai kuma misalin da ke nuna cewa manhaja tana iya rayuwa babu HTML sam. Idan ka danna #150# na Orange Money ko *126# na MTN, ko makamantansu na Airtel da Moov a ƙetaren gadar Ngeli, wato a Cadi, baƙin rubutu kawai kake gani, ko a ƙaramar waya mai maɓallai. Amma a can nesa akwai umarni da ke duba lambar sirrinka, ya duba ko kuɗinka sun isa, ya cire ladan aikawa, ya rage a nan ya ƙara a can, kuma ya tabbatar cewa idan rezo, wato layin sadarwa, ya yanke a tsakiya kuɗin ba su ɓace a hanya ba. Duk wannan aikin dillali ne, babu na mai fenti a ciki.

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili, a ganina, shi ne yadda kowannensu yake ɗaukar kuskure. HTML mai haƙuri ne. Ka manta ka rufe alama, burauza za ta yi hasashen abin da kake nufi ta nuna shafin haka nan. Wannan haƙurin ne ya sa yake da daɗin fara koyo, shi ne kuma yake sa mai koyo ya ɗauka ya ƙware alhali burauza ce take rufa masa asiri. XML ɗan'uwansa ne amma ba ya yafiya: alama ɗaya ta karkace, ya ƙi karanta takardar gaba ɗaya. Harsunan umarni kuwa kuskurensu iri biyu ne. Akwai wanda zai tsayar da aiki ya nuna maka layin da ka yi ɓarna, wannan mai sauƙi ne. Akwai kuma wanda aiki zai ci gaba lafiya lau amma amsar ƙarya ce, kuma shi ne mai cin dukiyar mutane.

Bari in nuna. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin shafi, JavaScript yana karɓarsa ne a matsayin rubutu, ko da lamba ce. Idan aka shigar da 5000 kuɗin buhu, mai shirin, wato mai rubuta manhajar, ya ce a ƙara 500 na dako ba tare da ya mayar da rubutun lamba ba, amsar da za ta fito ita ce 5000500. JavaScript ya manna su ne kamar yadda ake manna kalma da kalma, bai yi ƙorafi ba. Python a wannan wuri tsayawa zai yi ya ce ba ya tara rubutu da lamba. Java da C da Kotlin sun fi tsanani: tun farko kowace ƙima tana da nau'in da aka san ta da shi, kuma ana duba da yawa daga irin wannan kuskure tun kafin manhajar ta fara aiki. Tsananin yana gajiyar da mai koyo, amma a aikin da ya shafi kuɗin jama'a ni na fi son harshen da zai tsare ni a bakin ƙofa.

Har ila yau a kan kuɗi: a JavaScript da Python duka, idan ka tara 0.1 da 0.2 abin da zai fito 0.30000000000000004 ne, saboda yadda kwamfuta take ajiye gutsuren lamba. Mu sefa ta sauƙaƙa mana, tunda ba ma ciniki da abin da ya gaza sefa ɗaya, sai a yi lissafi da cikakkun lambobi. Amma ranar da ɗan kasuwa zai biya kaya da yuro, wanda aka ɗaure sefa da shi a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, dole mai shirin ya san inda zai yanke wutsiyar lambar da wanda zai ci ragowar. Mai rubuta HTML ba ya taɓa haɗuwa da irin wannan tambaya.

Su kansu harsunan umarni ba ɗaya suke ba. Wasu, kamar C da Dennis Ritchie ya yi a 1972, ana juya rubutunsu gaba ɗaya zuwa harshen inji kafin a yi amfani da shi, kamar littafin da aka fassara aka buga. Wasu, kamar Python na Guido van Rossum da ya fito a 1991, suna tafiya ne da tafinta a gefe yana juyawa ana cikin aiki. Na farko sun fi gudu da ƙarancin cin wuri, shi ya sa ƙananan na'urori irin su Arduino, da za a iya sa wa su kunna famfon ban ruwa idan ƙasa ta bushe, da C da C++ ake yi musu umarni. Na biyu sun fi saurin rubutawa da gyarawa. Mai son lissafin bayanai, ko sarrafa dogon jadawalin manoma da buhunan taki, Python zai fi yi masa. Mai son manhajar Android zai tarar da Java, na 1995, da Kotlin, wanda Google ya karɓa a 2017 ya kuma fifita shi daga 2019. Mai son yi wa makarantu da shaguna da ƙungiyoyi shafuka zai yi ta cin karo da PHP, don WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, da shi aka gina shi, kuma kuɗin ajiye shafin PHP yana da sauƙi. A ofisoshin ƙasashe masu Faransanci kuma akan tarar da WinDev, wani kayan aikin gina manhaja, wanda ake iya rubuta umarninsa da Faransanci, sai dai na kamfani ɗaya ne, kuma wanda ya tsaya a kansa kaɗai ya taƙaita kasuwarsa.

Iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ba katanga ba ce, dole in faɗi wannan. SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, yana tsaka-tsaki: kana faɗin abin da kake so ne, a ba ka duk motocin da suka tashi ranar Litinin, ba ka faɗin yadda za a nemo su. JSON, wanda manhajoji suke aika wa juna bayanai da shi, ba ya umarni kuma ba ya yi wa rubutu alama, jaka ce kawai ta ɗaukar kaya. TeX da Donald Knuth ya fara a 1978 don buga littattafan lissafi harshen alama ne da ke iya sharaɗi da maimaitawa. React, wani kayan aikin gina shafuka da Facebook ya saki a 2013, ya cusa rubutu mai kama da HTML a tsakiyar JavaScript. A Android an daɗe ana zana fuskar manhaja da XML a rubuta aikinta da Java, yanzu kuma ana iya yin duka biyun da Kotlin. Saboda haka musun da samari suke yi a wurin shan shayi, wai wane ne harshe na gaske, ba ya kai kowa ko'ina. A aikin gaske hannu ɗaya ne yake rubuta duka.

Abin da ya fi damuna shi ne rainin da ake yi wa harshen alama, domin a yankinmu ne wannan raini ya fi yin ɓarna. Wayoyin da ke hannun yawancin mutanenmu masu araha ne, rezo yana zuwa yana tafiya, kuɗin data da tsada, wuta kuma idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya kowa ya san yadda ake kwana. Shafin da aka rubuta da HTML mai tsabta yana buɗewa ko rezo ya yi rauni, don burauza tana fara nuna rubutu tun kafin sauran kaya su iso. Shafin da aka jibga wa JavaScript tun daga ƙofa sai an sauke kayan duka, wayar ta tauna su, kafin a ga harafi ɗaya. Mai ginin da ke zaune a ofis mai intanet mai ƙarfi ba zai taɓa jin nauyin ba. Matar da ke son duba sakamakon jarrabawar ɗanta daga Yaguwa ita za ta ji shi, a cajin wayarta da kuɗinta.

Sai batun haruffanmu, wanda ya fi taɓa ni. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, Fulfulde da muke zaune tare da masu ita tana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Sau nawa muka ga takarda ko shafi da sunan Ɗanladi ya koma alamar tambaya ko akwati? Kowane ɗaya daga cikin haruffan nan yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma layi ɗaya a saman shafin HTML da ke cewa an yi amfani da UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi, yana daga cikin abin da ke tsare su. Akwai alamar lang da ake sa wa ha, gajeren sunan Hausa, don a san shafin na Hausa ne, abin da ke taimakon injin bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi. A Cadi, inda Larabci da Faransanci suke harsunan gwamnati, shafi ɗaya yakan ɗauki rubutu mai tafiya dama da mai tafiya hagu, kuma alamar dir ce take daidaita su. Ita ce kuma za ta yi wa ajami aiki. Ƙwararren mai Java da bai san waɗannan ba zai gina manhaja mai lissafi daidai wadda ba ta iya rubuta sunan mai ita.

Harshen alama kuma yana da tsawon rai. Shafin farko da Berners-Lee ya yi a CERN har yau yana buɗewa a wayar zamani. Python 2 kuwa, tsohon zubin Python, an daina kula da shi a farkon 2020, duk wanda ya gina a kansa sai da ya koma ya yi gyara.

Shawarar da na ba ɗan ƙanwata ita ce kada ya zubar da abin da ya koya, kuma kada ya sake biyan kuɗin wata cibiya tukuna. Na ce ya ɗora JavaScript a kan HTML ɗinsa, tunda ba ya bukatar komai sai burauzar da ke kwamfutarsa, ko babu rezo zai yi aiki. Na hana shi taɓa React ko wani babban kayan aiki sai ya iya sa maɓalli ɗaya ya tara lambobi biyu da hannunsa. Bayan haka SQL, don littafin mahaifinsa yana bukatar wurin ajiya da zai wuce kaka ɗaya. Python ko PHP ko Kotlin, wannan aikin da ya samu ne zai zaɓa masa.

Na kuma sa shi ya bi mahaifinsa wurin lodi kwana uku da biro da takarda, ya rubuta da Hausa duk hukuncin da tsohon yake yankewa: yaushe ake rage kuɗin buhun da ya fara ruɓa, wa ake ba bashi, nawa ake cire wa direba idan kaya sun kwana a hanya. Ya dawo da shafi huɗu, ya ce bai taɓa sanin Baba yana riƙe da sharuɗɗa masu yawa haka a kansa ba.

Makon jiya ya kira ni. Maɓallin ya fara aiki, amma ya shigar da 5000 da 500 ya ga 5000500. Na tambaye shi ko abin da ya fito daga gurbin lamba ne ko rubutu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Kawu, bari in kira ka an jima.”